Gagara-Raba

Ranar Talata, bayan an tashi makaranta

Kawu,

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma na san halina, idan na tsaya gaisuwa tukuna zan fasa. Don haka ka yi haƙuri, ga ta: ba ni nake yin lissafin da nake aiko maka ba. Shekara biyu ke nan, ko tambaya ɗaya ban taɓa amsawa da kaina ba. Kwafewa kawai nake yi da rubutuna mai kyau.

To, na faɗa. Yanzu bari in gaishe ka kamar 'yar da aka yi wa tarbiyya. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti, da fatan gwiwar nan ta daina damunka a matakalar ajinku. Mu nan lafiya ƙalau. Tarin Umma ya sake ta, Baba yana nan yana sammakon fita aiki. Yaya tana shagon ɗinki kullum, tana gaishe ka. A'a, ba ta ce in gaishe ka ba, ni na ƙara. Tunda na fara faɗar gaskiya gara in ƙarasa.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da ka same ni a bayan ƙofa da littafin lissafi buɗe a cinyata, ko sallamarka ban ji ba? Ka ce wa Umma, duk da nisan zumuncin ga wadda ta gado ka. Kawu, bangon ne kaɗai na lissafi. Cikinsa littafin soyayya ne da na aro wajen ƙawata, an kai daidai inda jarumin yake tsaye a tasha ruwa na dukansa. Kunya ta sa na bar ka da zatonka. Bayan wata guda sai ga direban nan da muke ce wa Sai-Gobe ya kawo wasiƙarka, da tambayar farko a ciki. Na kalle ta, ta kalle ni. Na bar ta a kan tebur na tafi makaranta, na dawo na tarar an amsa ta a wata takarda mai ruwan ƙasa. Tun daga ranar haka muke yi: a amsa, in kwafe, ka duba da jan bironka ka dawo da ita, a karɓe daga hannuna a yi ta kallon makin kamar hoton masoyi.

Kada ka tambaye ni wa yake yi. An sa na rantse, kuma ba zan karya ba.

Da na ci gaba da yin shiruna, ba don wasiƙarka ta makon jiya ba. Ka ce kwalejin da kake koyarwa tana ba kowane malami gurbi ɗaya a ajin share fage, na shekara guda, ya kawo wani nasa wanda bai cika shekara ashirin ba, kuma kai ba ka taɓa amfani da naka ba. Ka ce lambar da ka aiko ita ce gwajin ƙarshe, in na ci za ka sa sunana a fom kafin ƙarshen zango, in zo in zauna wajenku. Kawu, ina son zuwa kamar in yi fiffike. Ban taɓa wuce tashar mota ba. A littattafai duk abin da zai sami yarinya sai ta shiga mota yake samunta, wadda ta zauna gida wanke-wanke kaɗai ke nemanta. Har mayafin da zan yafa ranar tafiya na zaɓa. Amma in na zo ka miƙo min alli a gaban allo, me zan yi da shi?

Duk da haka ga amsar nan cikin ambulan, don an tsaya a kaina sai da na sa ta. Lambar 524287. Ka ce a duba ko gagara-raba ce, irin waɗanda ka ce babu mai raba su ba saura sai ɗaya da su kansu, a kuma faɗi danginta. Ka ce aikin mako uku ne, don sai an gwada ta da ƙananan gagara-raba har ɗari da ashirin da takwas. An gama a kwana huɗu, kuma shida kawai aka gwada. Abin da na ji ana faɗa shi ne, in an ƙara mata ɗaya tana rabuwa biyu cif, a sake raba rabin, a sake, kamar ana ninke yadi, har sau goma sha tara kafin a koma ɗaya. Sauran bayanin yana takardar, na kwafe shi layi-layi ban bar ko ɗigo ba. Ni iyakar fahimtata, wata isasshiyar budurwa ce da manema ɗari da ashirin da takwas suka yi layi a ƙofar gidansu, aka sallami kowa aka bar shida suka shiga gaisuwa, su ma ta ce ba ta yi.

Ka yi fushi da ni in za ka yi, na cancanta. Amma don Allah ka amsa da wuri, kuma kada ka ambaci maganar nan a shafin lissafi. Ka yi mata takarda daban. Shafin lissafi ba ni kaɗai nake karanta shi ba.

'Yarka,
Auta

Ranar Lahadi

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso bayan kwana goma sha ɗaya, Sai-Gobe ya ce motarsa ce ta kwanta a gareji. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Antinki har ta share ƙaramin ɗakin ta rataya labule, ina ce mata ta bari a cika fom tukuna ba ta ji. Ki gaishe da Ummanki da Babanki da sauran mutanen gida.

Na karanta abin da kika kira asirinki. Shekara talatin ina koyarwa, kuma kowace shekara sai ɗalibin da ya fi kowa ya zo ofis ya ce min shi bai iya komai ba, sa'a ce kawai. Daƙiƙai ba sa zuwa, su kullum sun tabbata sun iya. Ke kin ƙara da rantsuwa da ɓoyayyen mutum mai takarda ruwan ƙasa, saboda irin littattafan da kike karantawa. Na zauna na ƙirga mutanen da za su iya. Babanki ba ya wuni gida. Ummanki ta gaya min da bakinta lamba jiri take sa ta. Malaminku na lissafi kuwa na ga irin aikin da yake ba ku, Allah ya ba shi lada. To wa ya rage, aljani? Tsoron barin gida ne, Auta, kuma ba abin kunya ba ne. Ni ma na yi kuka a mota.

Takarda ɗaya ta ishe mu, mu koma ga magana mai amfani. 724 sau 724 bai kai lambar ba, 725 sau 725 ya wuce ta, don haka in tana da mai raba ta sai an sami ɗaya ƙasa da nan: daidai. A fara da ɗaya a yi ta ninkawa sau goma sha tara a cire ɗaya, ita ma goma sha tara gagara-raba ce, kin sa ta cikin danginta: daidai. In an raba ta da huɗu uku ke saura, saboda haka ba za ta taɓa zama jimlar murabba'i biyu ba, wato lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta: daidai, kuma ban ma tambaya ba. Ta ƙasa da ita da biyu, biyar na raba ta, ta sama da ita da biyu, uku na raba ta, ke nan ba ta da 'yar tagwaye, wato wata gagara-raba mai tazarar biyu da ita: daidai.

Amma abin da ya sa shayina ya huce a gabana shi ne shidan nan. Kin koma tambayar bara, 2047, wadda ita ma ninki ce sau goma sha ɗaya aka cire ɗaya. Kika lura masu raba ta, 23 da 89, kowanne in an cire masa ɗaya 22 na raba shi. Sai kika ce to a nan ma a nemi waɗanda in an cire musu ɗaya 38 za ta raba su: 191, 229, 419, 457, 571, 647. Kika gwada, kowanne ya bar saura. Daidai. Auta, wannan ba ya cikin littafin ajinku, ba ya cikin na ajin da ke gabanku. Kuma gaskiya ne. Sai dai misali ɗaya ba hujja ba ne. Ki gaya min dalili. Me ya sa dole mai rabawar ya kasance haka? Idon da ya ga hanyar zai ga dalilin.

Sannan akwai layi ɗaya da ya gagare ni. Tsakanin rabawa da 419 da rabawa da 457 kin rubuta: kf 15, ƙj 36, ƙg 30, ts 57. Na ga 57 uku ce sau goma sha tara, don haka na san ba a banza take ba. Sauran ban gane ba, haruffan ma ban taɓa haɗuwa da su ba. Kwana uku ina juya su. Ki yi wa tsoho bayani.

Fom yana cikin aljihun teburina. Saura mako tara a rufe.

Kawunki

Ranar Litinin

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ka yi wa Anti godiyar labule. Umma da Baba lafiya lau. Yaya ce dai ba ta da walwala kwana biyu, abinci ma sai Umma ta yi da gaske. Shekaranjiya ta rage wa wata mata hannun riga bisa kuskure, abin da ba ta taɓa yi ba, mai shagon ta yi mata faɗa a gaban mutane.

Kawu, ban san yadda ake gaya wa babba ya ɓata wa mutum rai ba, a littattafai tashi ake yi a buga ƙofa. Kwana huɗu na yi ina tara ƙarfin halin rubuta maka layi uku, ka karanta ka ce tawali'u ne. Da na yi maka ƙarya ka yarda shekara biyu. Yau na faɗi gaskiya ka ce littafi ne.

Kuma abu ɗaya na roƙe ka, takarda daban. Ka haɗa komai gaba da baya, asirina a sama, daidai-daidai ɗinka a ƙasa, babu inda zan yaga. Ka san abin da ka jawo? Ranar da Sai-Gobe ya kawo ta, an tare ni a bakin ƙofa an miƙo hannu. In na ba da ita za a ga na yi maganar da aka hana ni. Sai na ce wannan karon gaisuwa kawai ka aiko, ba ka ce komai kan lissafin ba. Aka tsaya ana kallona. Can aka ce, "Ko... ko maki?" Na ce ko maki. Aka ce dama an sani, ba laifi. Washegari duk takardun nan masu ruwan ƙasa, na shekara biyu, na gan su a kwandon shara an yayyaga.

Saboda haka dalilin da kake tambaya ba ni da wanda zan tambaya, tunda na ce ba ka tambayi komai ba. Na gwada da kaina, wallahi na gwada. Yamma uku ina zaune da 38 a gabana. A ta ukun na duba takardata na ga na zana mata ganye da furanni. Malaminmu kuwa na bi shi har ƙofar ofis, ya juyo ya ce lafiya, na ce lafiya lau na dawo.

Layin da ya gagare ka ni ma ban san shi ba. Yana wurin, na kwafe. Sau nawa zan faɗa? Abin da rantsuwa za ta bar ni in ce kawai shi ne, malamin lissafi, a ƙirgarka ka manta da ɗaya.

Auta

Ranar Litinin, mako uku bayan waccan

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Sau uku ina zuwa tasha. Sai-Gobe yanzu da ya hango ni yake ɗaga hannu biyu wai babu, har masu sayar da kaya sun fara tambayarsa wane saurayi ne yake ja wa yarinyar nan rai.

In fushi kake yi ka faɗa. Umma ta riga ta sayo min akwati, ta gaya wa maƙwabta, ƙawayena ma duk sun ji. Ta yanko yadi ta ba Yaya ta ɗinka min rigar tafiya, jiya aka auna ni.

Na yi tunani sosai. Wataƙila kai ne da gaskiya, tsoro ne ya sa na rubuta abin da na rubuta. Ka manta da wasiƙata ta farko. Layin nan ma ka daina wahalar da kanka a kansa, ba komai ba ne, kada ka nuna wa kowa. Ka dai gaya min ko ka cika fom ɗin.

Auta

Ranar Juma'a

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Wasiƙunki biyu suna gabana. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, girman kai ne. Ban so in rubuta wa 'yar shekara goma sha shida cewa layinta ya kayar da ni ba. Kin ce na manta da ɗaya, sai na ɗauka layin kike nufi: na ƙara wa lambobin ɗaya, na rage musu ɗaya, na kai wa malamai biyu, ɗayansu har ya ce yana ganin wani abu.

Ranar Laraba telan kwaleji ya shigo ofis zai auna ni rigar ɗakin gwaji. Takardarki tana kan tebur. Yana riƙe da tef a wuyansa ya leƙa, ya ce, "Malam, wa za a ɗinka wa doguwar riga? Kafaɗa sha biyar, ƙirji talatin da shida, ƙugu talatin, tsawo hamsin da bakwai. Doguwa ce amma ba ta da jiki." Ya ce ai kowane tela haka yake taƙaitawa, a duk takardar da ta zo hannunsa.

Bayan ya fita na sake ƙirga mutanen gidanku.

Ke kina ƙarama, ban sani ba ko kin tuna. Shekara shida da suka wuce na zo gidanku, falo cike da baƙi, na tsayar da Yayarki na ce bakwai sau takwas. Ta buɗe baki, in'inar da take fama da ita ta riƙe ta. Ban jira ba. Na juya wajen Babanki ina dariya na ce wannan kan ba na boko ba ne, a ba ta allura da zare. Babanki yana ganin girman maganata. Ƙarshen shekarar ya cire ta daga makaranta. Ni na manta da maganar kafin in kai tasha. Ta san amsar, Auta, bakinta ne bai sake ta ba, ni kuma malami ne da bai iya jiran ɗalibi ba.

Rantsuwarki tana nan, ba ki karya ba. Tela ne ya faɗa.

Ga halin da ake ciki. Layi ɗaya ne a fom. Baɗi zan yi ritaya, gurbin ba zai sake zuwa hannuna ba. Yayarki saura wata biyar ta cika ashirin. Na sa wata ambulan a rufe cikin wannan, tata ce. A ciki na ba ta haƙuri, na yi mata tayin gurbin. Ban aika mata kai tsaye ba, ban kuma rubuta wa Babanku ba, don ke na yi wa alkawari, kuma ke kika fara faɗar gaskiya ban saurara ba. In kin miƙa mata, gurbin nata ne in ta yarda. In kin ga ba za ki iya ba, ki dawo min da ita a rufe, in sa sunanki, in koya miki daga farko da kaina. Ba wanda zai ji daga bakina.

Saura mako huɗu.

Kawunki

Ranar Alhamis, a shagon ɗinki

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ka gaishe da Anti. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wata.

Ba ka kyauta min ba. Kai ka yi ɓarnar shekara shida, ka nannaɗe ta cikin ambulan ka ɗora wa ƙaramar gida. Da ka aika mata kai tsaye, da na yi kukana na rana biyu na tsane ka na huta. Yanzu ba ni da wanda zan tsana.

Kwananta tara a wurina. Tana cikin littafin da nake karantawa, shafi na ɗari da goma, ko gaba ban ƙara ba, don duk na buɗe ita nake gani. Kuma tunda ka gano, bari in ƙarasa maka: wasiƙata ta uku ƙarya ce. Ranar da Yaya ta auna ni na ga ta rubuta kf, ƙj, ƙg, ts a takarda mai ruwan ƙasa, irin wadda suke yanka fasalin riga da ita. A nan na gane abin da na kwafe maka. Maimakon in ji daɗi asiri zai tonu ba da bakina ba, sai na ruga na rubuta maka ka manta. Ashe ina son tafiyar fiye da yadda nake son gaskiyar.

Cikin kwana taran nan babu hujjar da ban kawo wa kaina ba. Na ce ita ta ce a ɓoye. Na ce tana da sana'a, ni ba ni da komai. Na ce a can za su yi mata dariyar in'ina, ni na kare ta. Na ce Umma za ta ji kunyar maƙwabta. Jiya har na rubuta sunanka a bayan wata sabuwar ambulan, don Sai-Gobe gobe zai tashi, wannan karon goben gaske.

Yau da na taso makaranta na biyo shago gwada rigata. Mai shagon ta fita, Yaya tana kan keke. Zan ajiye jakata a teburin yanka sai ta daka min tsawa kada in taɓa. Maɓallai ne a kai, an jera su zobe biyu, baƙaƙe da farare, kowane ɗaya da lamba a gefensa da allin tela. Na ce mene ne wannan, ba kin ce kin daina ba? Ta ce ta daina, wannan ba na aikawa ba ne.

Ban san abin da ya sa na ce ta nuna min ba, ban taɓa cewa ba. Ta taso. Ta ce in ɗauki 23, mai raba lambar bara. In fara da ɗaya in yi ta ninkawa, duk sanda na wuce 23 in cire ta. Ta sa yatsana a kan baƙaƙen: 1, 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, sai ga ni na dawo kan 1. Zobe ya rufe da goma sha ɗaya. Ta ce waɗanda ba su shiga ba fa? Na fara da 5 a kan fararen, shi ma ya zagayo da goma sha ɗaya. Ta ce ko daga ina aka fara tsawon zoben ɗaya ne, babu maɓallin da zai shiga zobe biyu, babu wanda zai rage a waje, kuma duka maɓallan ashirin da biyu ne, ɗaya ƙasa da 23. To dole goma sha ɗaya ta raba su. A babbar lambar zoben na goma sha tara ne, shi ya sa. Biyun da ta mai da ita 38 kuwa, don mai rabawar mara ne, biyu ba ta raba shi, in an cire masa ɗaya ya zama cika, biyu ta raba shi.

Ta daɗe kafin ta gama faɗa, kalmomi suna maƙale mata. Na jira. Kawu, na gane. Karon farko a rayuwata na gane wani abu na lissafi, na kusan rabin minti.

Na ce, "Wa ya tambaye ki dalili?"

Ta ce, "Ba kowa. Da... damuna ya yi. Na ga hanyar ta yi, ban san me ya sa ta yi ba."

Tambayarka ce, Kawu. Wadda na ɓoye mata mako shida. Ba ta taɓa ganinta ba, ta zauna tana amsa ta da maɓallan mutane. Ta share su cikin gwangwani da gefen hannunta ta ce in sa rigar ta gani.

Rigar ta yi min kyau, har na so in yi kuka a gaban madubi. Daidai take da wadda na yi ta gani a raina, ina saukowa daga mota. Na duba ƙasanta na ga ta bar kalmasa mai faɗi kamar yadda ta saba, wai ko zan ƙara tsawo. Yaya ta fi ni da inci biyu. In an saki kalmasar za ta yi mata.

Ina zaune a bencin masu jira nake rubuta wannan, ta zaci aikin gida nake yi. Har yanzu ina son zuwa, kada ka zaci na zama ta kirki. Zan daɗe ina jin haushinku ku biyu. Kuma akwai aiki a gabanka: kai za ka rubuta wa Baba, tunda maganarka yake ji, ka warware da bakin da ka ɗaura. Ka kuma koyi jira kafin ta iso, ba ta son a ƙarasa mata kalma.

Biyu zan ba ta. Ambulan ɗinka, da tsohuwar wasiƙar da na ce babu maki a ciki, mai daidai har sau biyar. Tsohuwar zan fara miƙawa, don ita ce tata tun farko, in ya so ta zage ni iya son ranta, zan jira ta gama.

Keken ya tsaya, tana cizon zare. Na fito da littafin daga jaka.

'Yarka,
Auta